Wa Ke Rushe Huɗar Emil?

Shekara ashirin da bakwai Delphine Kuchera ta yi tana riƙe da ludayi a ɗakin girkin makarantar firamare ta garinmu, Orland Bend, can tsakiyar gonakin masarar Amurka. Saboda haka babu wani mai gemu a garin, in dai bai haura arba'in da biyar ba, da ba ta san abin da ya ƙi ci yana yaro ba. Ta san magajin gari yana ɓoye koren wake a cikin kwalin madara. Ta san ɗan sandanmu ya taɓa rusa kuka don an ba shi gefen burodin da ya ƙone. Ba ta taɓa tona wa kowa asiri ba, amma kowa ya san ta sani, wannan kuwa ya ishe ta. Mace ce gajera mai jiki, muryarta ta saba ratsa hayaniyar yara ɗari biyu, har yau kuma ba ta koyi rage ta ba, ko a coci.

Ranar da ta ajiye aiki aka ba ta kyautar kujera mai lilo, wai ta huta. Kwana tara ta zauna a kai. A na goma ta kai wa maƙwabciyarta.

A shekarun nan ne wani ɗan ƙwaro kore ya shigo gari, ya bi manyan bishiyoyinmu ɗaya bayan ɗaya yana cin su ta ƙarƙashin ɓawo, har dole aka sare su. Titin Makaranta, wanda a da rassa suka haɗe a samansa har mutum ya taka daga gada zuwa coci rana ba ta taɓa ƙeyarsa ba, ya koma fili fetal, sai kututture. Ba mu san munin gidajenmu ba sai da inuwa ta tafi.

Jiha tana da shirin raba wa garuruwa dashe kyauta. Amma malamin daji ɗaya ne tak aka ɗora wa ƙananan hukumomi talatin da ɗaya, wani dogo siriri mai suna Wendell Amundsen, wanda rabin rayuwarsa a cikin mota take. Zai iya kawo bishiya, amma ba zai iya tsayawa ya ba ta ruwa ba. Don haka duk garin da yake so sai ya fito da mutum ɗaya da zai haɗa 'yan sa-kai. A taron gari Wendell ya faɗi sharaɗinsa ƙarara: zai kawo dashe sittin a watan Afrilu don Titin Makaranta, ya dawo a Satumba ya ƙirga. In hamsin suna da rai, baɗi zai kawo wasu sittin don unguwar kudu, inda ma'aikatan mayanka suke zaune babu ko inuwar da kare zai kwanta. In ba su kai ba, akwai garuruwa a layi.

Aka ce wa zai riƙe. Nan take kowa ya ga abin sha'awa a takalminsa. Delphine, wadda kolaci kawai ta zo kawowa, wannan ɗan burodin namu mai zaƙi da muka gada daga kakanni, ta gaji da shirun.

"Kai, ku ba ni, kada mu kwana a nan," in ji ta.

A lokacin ba ta san bambancin dashe da sandar tsintsiya ba.

Wendell ya nuna mata yadda ake rajistar 'yan sa-kai a kwamfuta. Ta yi masa godiya sosai, ta koma gida ta zazzage tsohon gwangwanin da take ajiye katunan girki. Kowace bishiya ta samu kati da lamba, a baya kuma sunan wanda zai kula da ita. Sauran aikin da waya take yi, ƙarfe bakwai na safe, kafin mutum ya gama farkawa balle ya shirya ƙarya. Ba ta tambayar kowa ko yana da lokaci. Sai dai ka ji, "Asabar, ƙarfe takwas, ka zo da shebur. Ka gaida mamarka." Kafin ka buɗe baki ta ajiye.

Ranar shuka mutum tamanin suka fito. Magajin gari ya zo da shebur ɗin da aka shafa wa fenti ruwan zinariya, ya haƙa sau biyu, aka ɗauki hoto, ya tuna yana da wani taro. Kowa yana son shuka bishiya, ni ma ina so, don akwai kofi da kolaci da mai hoto. Ba ta ruwa a watan Yuli kuwa, lokacin da kwalta ke narkewa, shi ne babu mai so. Kafin Yuni ya raba, masu fitowa aikin sun koma huɗu. A cikin huɗun, ɗaya ne yake ɗauke da aikin gaba ɗaya, shi ne Emil Vondra.

Emil manomi ne ɗan shekara saba'in da huɗu, ya miƙa wa ɗan ɗan'uwansa gona ya dawo cikin gari. Matarsa Rosalie ta rasu shekara ɗaya da rabi kafin nan, tun daga lokacin ya saki labule, ya daina zuwa coci, ya koma cin abincin gwangwani a tsaye. Duk wanda ya je gaishe shi a bakin ƙofa yake tsayawa. Amma yana da tsohuwar a-kori-kura mai tankin ruwa a baya, ita kuwa Delphine ba ta manta irin wannan. Ta je ta yi ta bugun ƙofa har ya buɗe.

"Ba kai nake nema ba, Emil, motarka nake nema. Amma tunda ba ta tuƙa kanta, je ka sa wando na kirki."

Ya tsaya yana kallonta da gemun sati uku. Sannan ya shiga ya sa wandon.

Abin da ya biyo baya duk gari ya gani. Emil ya fara aski. Ya fara tsayawa a kantin kofi yana gardama a kan ruwan sama. Kullum sai ya bi bishiyoyin nan sittin da tiyo, yana yi musu magana ƙasa-ƙasa kamar yadda yake yi wa 'yan maruƙa a da. Delphine takan hango shi daga nesa ta ji daɗi har cikin ranta, don a ganinta, a duk abin da ta shuka a bana, Emil ne ya fi kamawa.

Sai hukumar gari ta zube tulin ɓarzajjen itace a ƙarshen titi, na tsofaffin bishiyoyin da aka sare, don a baza a gindin dashen ya riƙe laima. Wendell ya yi bayani tun ranar shuka cewa a shimfiɗa shi a kewaye, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin bishiya. Emil bai zo ranar ba. Shi kuwa mutum ne da ya yi shekara hamsin yana yi wa dankali huɗa, kuma a wurinsa shukar da ba a tara wa ƙasa a gindi ba marainiya ce. Cikin kwana uku ya yi wa kowace bishiya huɗa har gwiwa, ya dadddaɓe da bayan shebur, sumul. Gaskiya ta yi kyau. Masu wucewa har tsayawa suke yi su yaba, shi kuma yana gyara hula.

Ƙarshen Yuni Wendell ya biyo ta garin a kan hanyarsa ta zuwa wani wuri. Ya fito daga mota, ya dubi titin, ya dafe kai. Ya jawo Delphine gefe, ya durƙusa ya tona da yatsa, ya nuna mata ɓawon ya jiƙe ya fara baƙi, ga kuma sawun haƙoran ɓera.

"Misis Kuchera, wane ne ya binne min bishiyoyi da ransu?"

"Wani bawan Allah ne mai kyakkyawar niyya."

"Kyakkyawar niyyarsa za ta ruɓar da su. Ɓawo iska yake so, ba bargo ba. Ni dai ba zan sa bishiyar da gindinta ya ruɓe a cikin masu rai ba, kin ji na gaya miki. Ki faɗa masa yau."

"Zan faɗa masa," in ji ta.

Ba ta faɗa ba. Matar da ta taɓa tsayar da shugaban makaranta a gaban yara ta sa shi ya wanke hannu, sau uku tana tunkarar Emil, sau uku tana ƙarewa da tambayarsa lafiyar gwiwarsa. Tana ganin yadda yake shafa huɗar nan da alfahari sai bakinta ya mutu. Tsoronta ɗaya: in ta ce masa kashe su yake yi, zai koma gida ya saki labule, kuma wannan karon ba mai sake fito da shi. In ta yi shiru kuma, unguwar kudu ta rasa inuwarta.

Sai ta ɓullo da dabara irin ta masu yi wa yara girki. Gari na fara wayewa ta fito da safar hannu, ta durƙusa ta baje huɗa goma, ta koma gida ta ɗora kofi kamar ba ita ba. Washegari wasu goma. A tunaninta Emil zai ga sabon tsarin ya bi.

Ran na uku ya faɗo mata kicin ko sallama babu.

"Delfi, akwai maɓarnaci a garin nan!"

"Kai haba?"

"Na rantse! Huɗa talatin an baje min. Da na zaci karen Marlys mai gyaran gashi ne, amma kare ba ya baje abu ya yi masa da'ira. Wannan ɗan'adam ne, kuma mara tarbiyya. Duk na mayar da su."

"Duka?"

"Duka, har na ƙara musu tsayi. Ke ce shugaba, me za ki yi?"

Delphine ta sa masa kolaci a faranti don ta samu abin kallo.

Kafin azahar Marlys Hruby, wadda ke gyaran gashi kuma ke raba labarin gari kyauta, ta kai maganar kowane gida, musamman da ta ji an zargi karenta. Mutanenmu ba za su fito don ba bishiya ruwa ba, amma ka ce musu akwai mai laifin da za a kama, sai ka rasa wurin ajiye mota. Mutum ashirin da uku suka ba da suna don gadi, a tsakiyar Yuli. Delphine ba ta taɓa ganin irin wannan garaɓasa ba. Ta miƙa wa kowa bokiti.

"Tunda dai tsayuwa za ku yi, ku riƙa zuba musu ruwa. Maɓarnacin zai zaci aiki kuke yi."

Bishiyoyi suka sha ruwa kamar ba gobe. Kuma da yake ita ke rubuta jerin masu gadi, sai ta riƙa barin 'yar tazara da sassafe, wai ai ba mahaukacin da zai tashi a lokacin don ya yi ɓarna. A wannan tazarar take fita ta baje. Da hantsi Emil da rundunarsa su mayar. Sati biyu ana haka, gwiwoyinta suka kumbura, dariyar abin kuma ta fara fita daga ranta, don kullum Emil sai ya zo ya kawo mata rahoto da zuciya ɗaya, ita kuma tana gyaɗa kai.

Abin da ta manta shi ne manomi ba ya buƙatar takarda ta gaya masa lokacin tashi. Wata Laraba tana durƙushe a gindin lamba arba'in da ɗaya, hannu dumu-dumu, ta ga takalma biyu sun tsaya a gabanta. Ta ɗaga kai. Emil ne, da butar kofinsa a hannu.

"Delfi?"

"Ina kwana, Emil."

"Ke ce?"

Ta zauna a kan dugaduganta ta faɗa masa komai, da abin da Wendell ya ce, da ɓawon da ke ruɓewa. Ta jira ya yi faɗa, don faɗa ta iya da shi. Bai yi ba. Ya daɗe yana kallon titin, da huɗarsa a jere.

"Sati biyu ina zuwa kicin ɗinki ina ba ki labari," in ji shi a hankali. "Da kin faɗa min kawai. Ni ba yaro ba ne a layin abinci."

Ya juya ya tafi. Ta ji tashin a-kori-kurar, ta ji ta yi nisa. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta ji ba tun tana budurwa.

Gari ya sha dariya, Marlys ta ce sai an nemi gafarar karenta a rubuce. Amma da aka gane babu wanda za a kama, masu gadi suka watse kamar an kaɗa ƙararrawar tashi. Tanki bai fito ba. Kwana huɗu rana tana dukan titin, Delphine da mutum uku suna jan bokiti, ganyayyaki suka fara naɗewa. A gidan Emil kuwa labule ya sauka.

Ran na biyar ta gasa kolaci ta tafi. Ta buga, ta buga, shiru. Ta zagaya ta baya. A tsakiyar tsakar gidan akwai wata matashiyar bishiya, irin wadda tsofaffinmu ke kira lipa, wadda Rosalie ta shuka da hannunta shekara biyu kafin ta kwanta ciwo. An yi mata huɗa har cinya, wadda ta fi duk na titi kyau. Hannun Delphine ya yi ƙaiƙayi. Ta mayar da shi cikin aljihu, ta saki muryar nan tata.

"Emil Vondra! Fito! Ba zan taɓa ta ba sai kana tsaye!"

Ƙofa ta buɗe. Ya fito da gemun kwana biyar.

"Ai sai ki tara min unguwa."

"Zan tara. Saurara, na yi maka laifi. Shekara ashirin da bakwai ina niƙa kabewa ina ɓoyewa a miya don yara su ci ba su sani ba, shi ne na yi maka irinta. Ba ka cancanci haka ba. Ka yafe min ko kada ka yafe, amma ga gaskiya a fili: wannan ta Rosalie ce, kuma tana ruɓewa a ƙarƙashin nan. Tona ka gani da idonka."

Ya tsaya kamar ba zai motsa ba. Sannan ya durƙusa da ƙyar, ya fara jan ɓarzajjen itacen da hannu biyu. Wari ya taso, irin na jiƙaƙƙen buhu. Da ya kai ƙasa sai ga ɓawon ya yi baƙi ta gefe ɗaya, ya danna da babban yatsa ya ji ya lotsa.

"Ƙafafunta kullum sanyi suke yi," in ji shi. "Hunturun ƙarshen nan, bargo uku nake naɗe mata su. Da ta tafi sai na ga wannan a tsaye a waje, gindinta a buɗe."

Delphine ta durƙusa kusa da shi, gwiwoyinta na ƙara. Ta buɗe kwano ta ɗauko kolaci ɗaya ta ɗora masa a tafin hannu.

"Duba nan. Wa ya fi Rosalie iya wannan a garin nan? Ni dai ban kai ta ba, ko da yake ban taɓa faɗa mata ba. Baki a ɗage, tsakiya a lotse. Haka za ka yi wa bishiya."

Ya juya shi a hannu. "Nata ya fi naki laushi."

"Na sani. Ci ka yi min shiru."

"Za ta rayu?"

Delphine ta buɗe baki za ta ce sosai ma, sai ta tuna. "Ban sani ba. Bari mu tambayi wanda ya sani."

Ta kira Wendell, ta same shi a wani gari mai nisan awa biyu yana cin abinci a mota. Ya ce a bi gindin a zagaye: in ruɓewar ta kewaye shi gaba ɗaya, sai haƙuri, in kuwa gefe ɗaya ce, a bar ta ta sha iska za ta warke da kanta. Emil ya bi da yatsa, a hankali, kamar mai laluben jijiya. Faɗin yatsu uku ne kawai ya lalace. Sauran da ƙarfinsa. Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya share ido da bayan hannu, ya ce ƙura ce.

Kafin la'asar tanki yana kan Titin Makaranta, Emil kuma yana baje huɗarsa da kansa, ɗaya bayan ɗaya, yana yi wa kowace zoben kolaci.

A Satumba Wendell ya zo da allonsa ya bi titin, su biyu suna biye da shi kamar iyayen da aka kira makaranta. Shida sun mutu. Hamsin da huɗu suna tsaye. Delphine ta yi ihun da ya tashi tantabarun rufin coci, kuma tun kafin dare ya yi ta fara yanka sababbin katuna sittin na unguwar kudu. Emil kuwa tun daga nan ya zama dodon masu huɗa. An gan shi a gaban banki a durƙushe yana baje wadda masu gyaran fure suka yi, manaja ya fito zai yi magana, ya tashi da lacca ta rabin awa.

Delphine tana nan tana buga waya ƙarfe bakwai, shekararta sittin da shida, kuma yanzu in ka yi kuskure a gabanka take faɗa maka, wanda ba kowa ne yake ganin ci gaba ne ba. A gwangwaninta akwai kati ɗaya da ba ya cikin lissafin jiha, an rubuta Rosalie a gabansa.

Ranar da ƙanƙarar farko ta sauka a watan Nuwamba, wayarta ta yi ƙara da safe, ƙarfe bakwai daidai. Ba ta saba a riga ta ba.

"Delfi, ina tsaye a taga ina kallonta. Gindin nan a buɗe yake. Kin tabbata ba ta jin sanyi?"

"Na tabbata, Emil. Na tambayi Wendell sau biyu."

Tana jin numfashinsa ta cikin wayar.

"To ki zo mu sha kofi. In na zauna ni kaɗai, fita zan yi in rufe ta."

Ta kashe murhu, ta ɗauki kwanon kolaci, ta sa takalmin ƙanƙara.